Ɗaukar Iri a Tabkin Marke

Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma rairayin gulbi ya riga ya ɗauki zafin da ba a taka shi sai da takalmi. Sama fayau take, babu ko ɗigon girgije. Damina biyu ke nan a jere ta zo ƙasar Gobir ta yi rowa ta wuce. Gulbin da a da sai da jirgi ake ƙetare shi ya yayyanke, ya bar 'yan tabkuna nan da can, kowanne kullum sai ƙara tsukewa yake yi kamar fatar da aka shanya.

Kalilu yana tsaye cikin Tabkin Marke, ruwa iya gwiwa, yana jawo birginsa, ragar da ya jefa. Ya ji nauyi, amma bai yi murna ba, don ya san irin nauyin. Da ya zazzage a gaɓa, 'yan gargaza ne kaɗan suke tsalle. Sauran duk baƙin kifin nan ne da masunta suka laƙaba wa suna mai sulke. Jikinsa kaushi kamar magagari, bakinsa a ƙarƙashin ciki, ƙayoyinsa suna yaga raga. Babu wanda ya tashi ya san shi. An ce daga wani kududdufin kiwo ya ɓalle can sama da Isa, shekarar da aka yi ambaliya ta ƙarshe, ya biyo ruwa a hankali, bai iso nan ba sai da ambaliyar ta janye. Tun da ya zo yake haƙa ramuka a gaɓa, yana share ƙwan gargaza da na tarwada. Tani, matar Kalilu, wadda sana'arta banda, ta taɓa ɗora shi a wuta sau ɗaya, ta ce gara ta gasa tsohon takalmi.

Kalilu ya tsince gargazarsa, sauran kuwa ya kwashe su ya watsa cikin ruwa. Haka kowa yake yi. Haka Baba Bawa, Sarkin Ruwa, ƙanen mahaifinsa wanda ya rene shi, ya koya masa tun yana riƙe masa gora: abin da ba za ka ci ba, ka mayar wa ruwa kayansa.

Akwai kuma wata al'ada da ta fi wannan nauyi. Duk shekarar da fari ya matsa har Tabkin Marke zai ƙafe, Sarkin Ruwa yakan sa rana a yi ɗaukar iri. A kwashe ƙananan kifi da rai, a kai su Gurbin Kaka, wani gurbi mai zurfi da ke gindin tudu ta hanyar Tsamaye, wanda idon ruwa yake ciyar da shi, ba a taɓa ganin ƙasansa ba. A can suke zama har ruwa ya dawo ya haɗa gurbin da gulbi, su fito su cika ƙasa. Bara yunwa ta sa an kama manyan da ke Gurbin Kaka har kifin cikinsa ya yi ƙaranci. Idan ba a kai masa iri bana ba, ko ruwa ya dawo babu abin da zai hayayyafa. Kalilu ya san ma'anar wannan a gidansa. Zai zama dole ya rataye birgi, ya bi sa'o'insa kudu turin baro, shi kuwa bai iya komai ba sai su.

Baba Bawa ya sa ranar Asabar. Ranar Laraba sai ga babur ya tsaya a gindin marken da tabkin ya ci sunansa. Wani mutum siriri ya sauko da jaka a kafaɗa, ya yi sallama, ya ce sunansa Kassimu, ma'aikacin sashen kula da kifi ne, an turo shi daga Sabon Birni. Baba Bawa yana zaune yana ɗinkin raga, ya amsa bai ɗago ba.

Kassimu ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Gwamnati ta hana ɗaukar kifi mai rai daga wani ruwa zuwa wani. Duk mai sulken da aka kama a binne shi, kada a mayar. Tabkin da ya ƙafe kuma a bar abin da ke ciki ya mutu a wurin.

Baba Bawa ya ajiye allura. "Yaro, kai ɗan ina na?"

"Ɗan Isa ni ke, Baba."

"To madalla. Ku kunka aiko muna baƙon da bai yi sallama ba, yanzu kuma kun biyo shi da doka."

Masuntan da ke wurin suka kwashe da dariya. Kassimu ma ya murmusa. Ya ce a ba shi roba da ruwa. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani mai sulke busasshe, ƙura ta rufe shi, ya ce tun jiya da la'asar yake cikin jakar. Ya jefa shi cikin robar. Kifin ya yi shiru kamar itace, can sai ya motsa wutsiya, ya zagaya, ya manne da gefen robar. Dariya ta ɗauke.

"Kun gani," in ji Kassimu. "Ba ya mutuwa da wuri. Gurbin Kaka kaɗai ya rage bai shiga ba, don ruwa bai haɗa shi da gulbi ba tun zuwanshi. Hwarin ga wahala ta, amma shi ad damarmu. Yanzu suna tsare cikin tabkuna, ba su da wurin gudu. In kunka kai ko ɗiyanshi biyu Gurbin Kaka, kun ba shi gida."

"In kuma ba mu kai iri ba, mi za mu kama baɗi? Doka?" Baba Bawa ya miƙe ya naɗe ragarsa. "Kakana ya yi ɗaukar iri tun ba a san gwamnati ba. Asabar za ni yi."

Kalilu ba ya sa baki inda Baba yake magana. Amma abin ya tsaya masa a rai. Ya ga kifin nan ya farfaɗo da idonsa, kuma ya san abin da tsohon ya faɗa ma gaskiya ne. Da ya koma gida ya zauna ya tasa tuwo a gaba bai taɓa ba, har Tani ta ce, "Malam, in tuwon ma mai sulke na, ka faɗi in kai shi rami."

Washegari ya hau ɗan acaɓa ya tafi Sabon Birni. Ya tarar Kassimu ya fita wani ƙauye, sai ya zauna a inuwar bango yana jira. Aka yi azahar, ya yi salla ya dawo wurin. Masinja ya ce masa ya koma gobe, ya ce babu komai, zaman bai dame shi ba. Sai da inuwa ta juya sannan babur ɗin ya shigo.

"Malam, ni na ɗan Sarkin Ruwa na Marke. Magana ta kawo ni."

Kassimu ya ba shi benci. Kalilu ya yi magana a hankali, yana murza hularsa. Ya ce shi bai zo jayayya da doka ba. Doka tana tsoron mai sulke ne, ba gargaza ba. To idan aka zauna aka tsince kifin nan ɗaya bayan ɗaya da hannu, a gaban ma'aikaci, ina laifi?

"Ɗiyanshi ba su kai ɗan yatsa ba," in ji Kassimu. "Kuma suna kama da ɗiyan ƙurungu. Dubbai na hwa."

"Ko dubu nawa na, hannu ka tsince su. Ƙurungu santsi gare shi, wanga kaushi. Ka tsaya kai ma ka taɓa kowane bayan na taɓa."

"In ɗaya ya kuɓuce, ni za a tambaya."

"Kai za a tambaya, Malam, mu za mu ci yunwar. Ka ga ba wanda ya hi ni son kada shi kuɓuce."

Kassimu ya tashi ya shiga ciki wurin shugabansa, ya jima, har Kalilu ya fara jin muryoyi suna hawa suna sauka. Da ya fito ya ce an yarda, amma da sharaɗi. Kifi kaɗai zai tafi. Babu ruwan tabkin, babu laka, babu ciyawa. Ruwan da za a ɗauke su a ciki sai na ramin da aka haƙa a rairayi.

Kalilu kuwa ya san abin da Kassimu bai sani ba. A ɗaukar iri, Sarkin Ruwa da kansa yake ɗibar ruwan tsohon tabki a ƙwarya, ya fara zuba shi a gurbin kafin a saki kifi. Ruwan gida ake ce masa. An ce kifi ba ya zama inda bai ji ƙanshin ruwan gidansu ba. Amma ya amsa sharaɗin, ya ce Allah ya kai mu.

Da yamma ya sami Baba Bawa a ƙofar gida, ya tsuguna ya zayyana masa komai, har da maganar ruwan. Tsohon ya saurara yana jan carbi. Da Kalilu ya gama sai ya ce, "Ka iya tahiya ofis yanzu." Bai ƙara komai ba. Kalilu ya ɗauki shirun a matsayin yarda, don abin da yake so ya ji ke nan.

Asabar tun da sassafe aka hallara. Maza suka haƙa ramuka a rairayin gulbi, ruwa garai-garai ya tsattsafo, mata suna ɗiba suna cika robobin da Kassimu ya zo da su a bayan wata tsohuwar a-kori-kura ta ƙaramar hukuma. Aka haƙa wani babban rami can nesa da gaɓa saboda mai sulke. Sannan aka ja taru, doguwar ragar nan, daga wannan bakin tabki zuwa wancan.

Kassimu ya naɗe wando ya shiga don ya kama igiya. Taku kaɗan ya yi laka ta riƙe masa ƙafa, ya fizgo da ƙarfi, ƙafar ta fito, takalmin ya zauna. Ya lalube ya lalube bai samu ba.

"Bar shi, Malam," in ji Tani daga gaɓa. "Doka ta ce abin da ke cikin tabki a bar shi shi mutu a wurin."

Har Baba Bawa sai da gemunsa ya motsa. Kassimu ya cire ɗayan ya rataye a kan baburinsa, ya ci gaba da aiki ba takalmi.

Aka zauna tsinta a inuwar marke. Kalilu ya ɗauki kifi, ya shafa shi daga wutsiya zuwa kai, ya miƙa wa Kassimu, shi ma ya shafa ya juya cikinsa ya duba baki, sannan ya sake shi cikin ruwa mai kyau. Mai kaushi a jefa kwando, kwando ya cika a kai rami. Sauran masunta suka yi layi biyu-biyu suna yin haka. Da farko ana hira ana zolaya, da rana ta take sai baki ya mutu, sai ƙarar ruwa da tsakin wanda ƙaya ta soka. Yatsun Kalilu suka farfashe, ƙayar ƙurungu ta shige masa ƙarƙashin farce, ya cire da haƙori ya ci gaba. Wani dattijo ya ce a kwashe sauran haka nan, ai an tsince masu yawa. Kalilu ya ce, "Kawu, je ka huta, ni za ni ƙarasa naka." Dattijon ya yi gunaguni, amma bai tashi ba.

Sau ɗaya wani ɗan mai sulke ya wuce hannun Kalilu, gajiya ta sa bai ji kaushin ba. Kassimu ya kama shi ya nuna masa a tafin hannu. Kalilu ya zuba wa fuskarsa ruwa, ya sa aka juye robar gaba ɗaya aka sake tsinta daga farko.

Bayan azahar aka gama. Aka jera robobi a motar, aka rufe su da jiƙaƙƙun buhuna, direba yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Baba Bawa ya ƙi shiga gaba, ya zauna a baya, ya tasa wani abu a cinyarsa lulluɓe da gefen rigarsa. Kalilu ya gani, ya kau da kai.

Gurbin Kaka yana nan kore shar a gindin tudu, ga sanyi yana tasowa daga cikinsa. Aka sauke robobi a baki. Baba Bawa ya sauko, ya yaye rigarsa, sai ga tsohuwar ƙwaryar nan mai ɗinki a gefe, cike da ruwan Marke, jajir da laka. Ya nufi gurbin yana bismilla.

Kassimu ya buɗe baki, Kalilu ya taɓa hannunsa ya hana shi. Ya san idan baƙo ya tare tsohon a gaban jama'a, zuba ruwan nan ya zama dole. Sai shi ya yi sauri ya sha gaban tsohon, ya durƙusa tsakaninsa da ruwa.

"Baba."

"Kauce."

"Baba, ba ni kaucewa."

Tun da aka haifi Kalilu ba a taɓa jin ya ce wa tsohon nan a'a ba. Baba Bawa ya dube shi.

"Ni nig goya ka cikin jirgi. Yau kai za ka koya mani ruwa? Kun tsince kihi na ƙyale ku, kun yi rami na ƙyale ku. Wanga ba na gwamnati ba na. In ba ruwan gida, kihin ga ba su zama, wahalar banza kunka yi."

"Ban ce kada a zuba ba, Baba. Kai za ka zuba da hannunka, yadda kakanmu ya yi. Amma kai kac ce mani ƙanshin ruwan su ka bi. Ƙanshi ba ya tsayawa a ƙyalle. Ka bari a tace shi kamar koko. In ba komi ciki, ka yi mani duk hukuncin da kag ga dama."

Tsohon bai matsa ba. Tani ce ta taho a hankali, ta kwance ɗankwalinta ta gyara mayafi a kanta, ta durƙusa ta shimfiɗa ɗankwalin a bakin wata roba, ta ninka shi biyu. Ta ce, "Baba, sabo na, ban taɓa zuwa biki da shi ba. Ruwan gida ya hi biki."

Baba Bawa ya sunkuya, ya karkata ƙwaryar. Ruwa ya bi ta ƙyallen yana ɗiga, laka tana taruwa a sama. Da ya ƙare, Kalilu ya sa yatsa ya baje lakar. Wani abu baƙi ya motsa, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Sai wani. Sai ga su nan da dama, suna mutsu-mutsu, kowanne ya manne bakinsa da zaren ɗankwalin.

Tsohon ya ɗauki ɗaya ya ɗora a kan babban yatsansa, ya kai kusa da idonsa, ya shafa shi da farce. Ya daɗe a haka. 

"Malamin kihi," in ji Baba Bawa, bai juyo ba. "Wanga da anka tace, ana zubawa?"

Kassimu ya matso ya duba ruwan robar da kyau, ya ce a ƙara tacewa sau ɗaya da wani ƙyallen. Aka tace. Ya ce, "Zuba, Baba."

Aka mayar wa tsohon ruwan a ƙwaryarsa. Ya shiga gurbin har idon sawu, ya yi addu'ar da ake yi, ya zuba. Sannan aka karkata robobi, 'yan gargaza da tarwada da ƙurungu suka bazu kamar an watsa gero, suka nutse cikin koren ruwa. Kalilu ya zauna a gaɓa, sai yanzu ya ji yatsunsa suna zogi.

Baba Bawa ya ƙulle ɗankwalin da abin da ke ciki, ya miƙa wa wani ya ce a kai rami. Ya juyo ga masunta ya ce daga yau mai sulke ba kayan ruwa ba ne, duk wanda ya mayar da shi ya mayar da ɓarawo ɗaki. Gobe kuma a koma Marke da taru, jibi tabkin da ke gaba, har a bi su duka kafin ruwa ya sauko. Kalilu kuwa ko kallonsa bai yi ba. Amma da za a hau mota, shi ya miƙa wa ƙwaryar ya riƙe.

Suka dawo Marke da la'asar. Jama'a suka watse, Kassimu ya tafi bayan marke yin salla, ƙafafunsa duk sun yi ja saboda zafin rairayi. Kalilu yana naɗe taru sai ya hangi tsohon ya tattare riga ya shiga tabkin shi kaɗai, daidai inda aka ja igiya da safe. Ya sunkuya, hannunsa cikin laka har kafaɗa, yana lalube. Can ya zaro takalmin. Ya wanke shi a ramin rairayi, ya karkaɗe, ya rataye shi a kan babur kusa da ɗan'uwansa, ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gari.

Kassimu ya idar ya zo, ya ga takalma biyu suna lilo, ɗaya yana ɗigar ruwa. Ya waiwaya hagu da dama. Kalilu ya duƙar da kai yana warware wani ƙulli a igiyar taru. Ma'aikacin ya sa takalmansa, ya tayar da babur, ya ce sai goben, ya bi hanyar Sabon Birni.